A riƙa nuna wa masu ciwon ƙafa yadda za su yi wanka

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ake rainawa amma shi ke sa gyambon da ya kamata ya kama hanyar warkewa ya koma ɗanye, wato jiƙewar bandeji wajen wanka.

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗakin dresin ya san yadda ake yi. A wanke ciwo, a sa gozi, a naɗe, a manna filasta, sai nas ta ce "Baba kar ka bari ruwa ya taɓa wajen nan fa, ka dawo jibi", shikenan an kira na gaba. Ni ban ga laifinsu sosai ba dan layin da ke waje kaɗai ya isa ya hana mutum dogon bayani, amma tsakani da Allah ta yaya ruwa ba zai taɓa ba? Mutumin nan gida zai koma, banɗakinsa bokiti ne da kofi, wanka a tsugune, ƙasa siminti ruwa na taruwa kafin ya bi rariya, ciwon kuma a ƙafa yake inda duk ruwan da ka zuba tun daga ka sai ya gangaro can. In ka duba waya za ka ga turawa na nuna wata doguwar safa ta roba da ake zurawa a shiga shawa, ni dai ban taɓa ganinta a kemis ɗin unguwarmu ba, kuma ko akwai ba shawar gare mu ba. Shi ya sa mutane suka rabu biyu, wasu su ƙaurace wa wanka gaba ɗaya har na kusa da su su fara kauda kai, wasu kuma su sheƙa wankansu su fito tsakar gida su miƙe ƙafa a rana wai bandejin ya bushe.

Na biyun nan ya fi haɗari. Bandeji in a bushe yake shi ne katanga tsakanin ciwo da dattin waje, da zarar ya jiƙe kuma sai ya riƙa jan abin da ke waje yana kai wa ciki kamar yadda lagwani ke jan kananzir, kuma me yake ja? Ruwan garuwa ko na rijiya, kumfar sabulu da ta wanko dauɗar jiki duka, da wanda ya fantsamo daga ƙasan banɗaki. Saman bandejin zai bushe a rana ka ɗauka an wuce wajen alhali gozin da ke manne da naman yana nan sharkaf har jibin da aka ce ya dawo. Ranar da aka buɗe za ka ga fatar gefen ciwon ta yi fari ta yi laushi, a cire filasta ta biyo shi, ciwo ya ƙara faɗi. Wani zai ce ai su ma a asibiti da ruwa suke wankewa. Eh, amma ruwan gishirin asibiti ne mai tsafta, kuma suna gamawa suke sa sabon gozi busasshe, ba su barin tsohon a jiƙe a kai. Zuba Dettol a bokitin wanka ma ba ya mai da shi wancan ruwan.

Mahaifina na da ciwon suga kuma ya yi fama da gyambo a ƙasan ƙaurinsa, ni ke masa wanka a lokacin, to bari in faɗi yadda muke yi ko wani zai amfana. Tsuguno dai mun soke shi. Kujerar roba muke shigar masa da ita banɗakin, sai in kife wani bokitin a gabansa ta ɓangaren ƙofa inda ƙasan ya fi tudu, ya miƙe ƙafar ya ɗora diddige a kai yadda ƙafar za ta yi daidai da ƙugunsa ko ta ɗan fi, dan in ƙafar na ƙasa ko leda goma ka ɗaura ruwa zai bi cinya ya nemi ƙofa. Sai ya zauna daram sannan nake sa ledar. Wannan a kula da shi sosai, leda a kan jiƙaƙƙen siminti santsi ne da ita ba kaɗan ba, dattijo ya taka ya zame an samu karayar ƙugu a kan gyambo, wa aka yi wa? Ba a tafiya da ita, ba a tsayuwa da ita.

Ledar kuma ba kowacce ba. Baƙar ledar cefane siririya ce farcen ƙafa ma huda ta yake, buhun bakko kuma saƙa ne ruwa na bi. Babba mai kauri nake nema irin ta zuba shara, sabuwa, in hura mata iska in matse bakin in ji ko tana sacewa, in na ga dama in ninka biyu. Kafin in zura ta sai in naɗa ƙaramin tawul busasshe a saman bandejin, tazarar kamar yatsu huɗu, sannan ledar ta hau ta rufe tawul ɗin, in tattare bakinta in zagaye da filasta rabi a kan leda rabi a kan fata. Tawul ɗin nan shi ne mai gadi, ɗan ruwan da ya saci hanya shi zai shanye kafin ya isa bandeji. Abin da nake roƙon mutane su bari shi ne ɗaure bakin leda da robar tiyub ko kyauro a ja tamau wai dan kar ruwa ya shiga. Jini ake tsayarwa. Mai suga dama jinin ba ya isa ƙafarsa yadda ya kamata, kuma da yawansu jijiyoyin ƙafar sun mutu ba zai ji zafin matsewar ba balle ya ce a sassauta. In ba filasta sai tsumma, a ɗaura yadda yatsa zai iya shiga.

Ruwa da kofi nake zubawa a hankali, in juya shi ya gangara ta baya da ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba irin watsa ruwan nan na samari ba. In an gama ba a gaggawar cire leda, a fara tsane jiki, a goge cinya da bayan ledar kanta, sannan a ɓare filasta a hankali dan fatar tsoho ba ta da ƙwari, a zare ledar ta ƙasa. Ita ƙafar mai ciwo da tsumma mai ɗan danshi nake goge inda bandeji bai rufe ba, tsakanin yatsu kuma a tsane shi tas. Kuma wankan kar ya yi tsawo, musamman a zafin Maris da Afrilu, ƙafa a cikin leda gumi take haɗawa, ka tsare ruwan bokiti gumi ya jiƙa maka bandeji daga ciki. Masu ɗaura leda da damina su wuni da ita a kasuwa su ma wannan ne ke cinsu. Da hunturu kuma in an dafa ruwa, mai jinya ya gwada zafinsa da gwiwar hannu, kar a bar mai suga ya gwada da ƙafa, zai ƙone bai sani ba.

Sai maganar da ta fi damun dattawanmu, alwala da wankan tsarki. Wallahi da yawa ba wankan sabulu ke jiƙa musu bandeji ba, buta ce, sau biyar a rana. Mutum ya ga kamar in ruwa bai ratsa ƙafar ba sallarsa ba ta yi ba, sai ya kwarara a kan bandejin, wani ma kwancewa yake ya wanke ya mayar da kayansa. Alhali addini ya yi sauƙi a nan, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure rauni da shi, ka wanke inda ke da lafiya, inda bandeji yake ka jiƙa hannu ka yarfe ka shafa sau ɗaya a sama, haka a alwala haka a wankan janaba, in abin ya gagara kuma ga taimama. Akwai hadisin nan da Abu Dawud ya ruwaito na sahabin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, janaba ta same shi ya tambayi abokan tafiya ko yana da rangwamen taimama suka ce babu tunda ga ruwa, ya yi wanka ya rasu, da labari ya isa ga Annabi (SAW) ya yi faɗa sosai kan me ya sa ba su tambaya ba tunda ba su sani ba. Ni ba malami ba ne, kowa ya je wa malaminsa da yanayin ciwonsa, amma ina ma limamai za su riƙa taɓo wannan babin a karatun bayan magariba, dan dattijo abin da ɗansa ya faɗa masa sau goma bai ji ba, liman na faɗa sau ɗaya ya zauna. Kuma mai bandeji ya yi alwalarsa a gida a zaune, wajen alwalar masallaci ko kai ba ka zuba ba na kusa da kai zai fantsama maka.

In kuma tsautsayi ya sa ya jiƙe, to a canza a ranar, ba jiran jibi. Ya kamata kowane gida mai irin wannan jinya ya ajiye gozi da filasta da bandeji na ko-ta-kwana, a wanke hannu da sabulu a canza in an koya maka, in ba a koya maka ba a koma wajen mai dresin. Ba fanka, ba rana, ba kara ƙafa a kaskon gawayi. In aka ji wari, ko mugunya ta ƙaru, ko gefen ya kumbura ya yi zafi, ko zazzaɓi ya shigo, ko yatsa ya fara baƙi, wannan ya wuce kemis, asibiti kai tsaye.

Ba masu suga kaɗai abin ya shafa ba. Ga 'yan sikila da gyambo ke fito musu kusa da idon sawu ya yi watanni, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila. Ga ƙunar salansa, duk da an hana acaɓa a Kano tun 2013 babur ɗin gida bai ƙare ba, mata da yara kullum cikin ƙonewa suke a ƙauri. Ga waɗanda aka sa wa simintin karaya a Asibitin Ƙashi na Dala da sauran wurare, shi farin simintin nan in ya sha ruwa laushi yake ya daina riƙe ƙashin, audugar cikinsa kuma ba ta bushewa da wuri sai ƙaiƙayi da wari. Waɗanda aka ɗinke wa rauni su nasu da sauƙi, galibi awa 48 na farko ne ake tsanantawa, zaren ƙafa kuma kan kai kwana 10 zuwa 14 kafin a cire, amma su ma su tambayi wanda ya yi ɗinkin kafin su sa ruwa, kuma ba tsoma ƙafa a baho.

Roƙona gare ku Malam Edita, shafinku na lafiya ya samo nas ko likita ya yi wannan bayanin da hotuna, a banɗaki irin namu mai bokiti da kofi, ko da ranar 14 ga Nuwamba ce da ake ranar ciwon suga ta duniya. Su kuma ma'aikatan ɗakin dresin, Allah Ya saka musu, in ba lokacin yi wa kowa bayani a manna takarda a bango da boko da ajami, ko a tara masu jinyar da ke zaune a benci a nuna musu ɗaurin ledar a ƙafar mutum ɗaya kafin a fara kiran layi.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Kurna, Kano