A zo Argungu da Yawuri da kunne, ba da ido kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan ziyarar garuruwan bakin gulbi na Jihar Kebbi, musamman Argungu da Yawuri. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka yi bikin su, wato bikin kamun kifi na Argungu, hoto ɗaya ake bazawa: dubban masunta sun ruga cikin gulbin Matan Fada, sai ƙaton giwan ruwa rataye a sikeli. Baƙo ya taso daga Kano ko Maraɗi, ya sha rana na sa'a guda, ya juya gida, bai san ya taka ɗaya daga cikin manyan gidajen kiɗan Hausa ba. Wannan yana ci mana rai ƙwarai.

Bikin kansa da tarbar baƙo aka fara shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu, aka shirya masa su domin shaida cewa gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato ta ƙare. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Amma fadar Kabi ta girmi bikin da shekaru ɗaruruwa, tun zamanin Muhammadu Kanta da ya ƙwace kansa daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya zauna Surame, kuma inda duk aka yi sarauta mai ƙarfi irin wannan, makaɗa ba sa nisa. A Argungu Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi waƙa, ɗansa Sani kuma ya yi suna a Yawuri. In aka bi ruwan nan aka hau gabas, sai a isa ƙasar Salihu Jankiɗi a Sakkwato, da Ɗan Anace na Gandi, da Narambaɗa na Isa, da Ɗanƙwairo na Maradun. Kogin Rima da na Sakkwato da rassansu ne suka ratsa wannan ƙasa baki ɗaya, kafin su haɗu su gangaro ta Argungu su faɗa Kwara.

Ga yadda ake zuwa. Daga Sakkwato zuwa Argungu kimanin kilomita 100 ne, daga Birnin Kebbi kuma kimanin 50. Mai zuwa ta jirgin sama ya sauka a filin Ambursa, wanda yake kan hanyar Argungun. Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba ne zuwa farkon Maris. Daga Afrilu zafi kan haura digiri 40, a Agusta da Satumba kuma ruwa kan malale fadama ya yanke ƙananan hanyoyin ƙauyuka. Ana yin bikin ne a Fabrairu ko Maris, kwana huɗu, amma kada kowa ya biya kuɗin mota sai gwamnatin jiha ta tsayar da rana. An taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a Maris 2020. Ban da tsaro da kuɗi, ruwan ma yana da ta cewa: yashi yana cike gulbin, kuma madatsun Goronyo da Bakolori da ke sama su ke ƙayyade abin da zai gangaro. Ɗakunan kwana a Argungu ba su da yawa, manyan baƙi kan cinye su, don haka a nemi masauki a Birnin Kebbi a riƙa sammako. A yi tafiya da rana kawai. Harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024 ya isa dalilin da zai sa mutum ya tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ya ratse zuwa kowane ƙauye.

Ranar su, a isa bakin Matan Fada tun da sanyin safiya, domin da zarar ayarin manya ya shigo, jami'an tsaro sun rufe hanya. Da an harba bindiga masunta za su afka ruwa, kowa da homa, wato ragar kamun kifi, a hannu da ƙatuwar gora, wadda ita ce abin hawansa, ita ce kuma ma'ajiyar kifinsa. Yawancin 'yan kallo sikeli suke jira, tunda an taɓa fitar da kifi mai kilo 75 a 2005. Mu kuwa cewa muke a dubi jiragen da ke ratsa tsakanin masuntan. Makaɗa ne a ciki, suna kiɗa taken gwanaye suna kiran kirarinsu, wasu na girgiza goruna masu tsakuwa don kora kifi zuwa inda ruwa bai da zurfi. Kiɗan nan wani ɓangare ne na aikin. Wanda ya zauna kusa da rumfar manya ba zai ji shi ba, lasifikar mai sanarwa ta danne komai. A matsa gefe, can nesa da lasifika, inda iska take kaɗowa daga ruwa.

Kada a raina kwanakin da ke gaban ranar su. A nan ake wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu. Da dare kuma ga dambe da kokawa, inda za a ji kalangu a bakin aikinsa. A tsaya kusa da makaɗin a ga yadda yake matse tsarkiya a hammata, muryar gangar ta hau ta sauka kamar maganar mutum, har ɗan damben da ake kira ya zabura jikinsa na tsuma tun ba a ambaci sunansa da baki ba.

Kiɗan fada shi ke buƙatar shiri. Gangunan fada, kotso da taushi, da yatsu ake kaɗa su, ba da sandar kiɗa ba, kuma muryarsu a tausashe take, shi ya sa fili mai hayaniya yake kashe su. Zaure ko ƙofar gida bayan la'asar ya fi dacewa da su. Kotso baki ɗaya gare shi, da ɗan danƙo da ake liƙawa a tsakiyar fatar don murya ta zauna. Raɓar bakin gulbi tana sa fata ta saki, don haka wanda ya sa makaɗa su yi masa wasa da sassafe zai ji ganga ta dushe, sai an shanya ta a rana ko an gasa ta a gefen wuta. A saurari yadda jagora ke jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su mayar da shi gindin waƙar, sanƙira na gefe yana ƙara gishiri. Harshen kuma na yamma ne: hwada, tahiya, wanga, ɗiya. Bakano ko Bazazzage da bai saba ba, rabin zambo da habaici zai wuce shi, saboda haka ya zauna kusa da ɗan gari mai fassara masa.

Akwai ladabin abin. Ba a faɗa wa makaɗi da waya a fuska. A bi ta hannun sarkin makaɗa ko wani bafade, a gaisa, a faɗi abin da ake so, a nemi izini kafin a ɗauki murya, a kuma faɗa masa gaskiya in za a sa a Facebook ko YouTube. A ba da kyauta ga jagora a hannu, a gaban yaransa, don kada rabo ya zama rigima. Liƙi da watsa takardun naira laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007, an kuma hukunta mutane a kansa. Tambari kuwa ba a taɓa shi, ba a roƙon a buga shi don baƙo ya ji. Yana da lokutansa, irin naɗin sarauta da sallah. Mai ɗaukar murya da waya ya rufe bakin makirfon da ɗan soso ko ƙyalle saboda iskar hunturu, ya kuma ja baya kamar taku uku daga gangunan, in ba haka ba kiɗa zai haɗiye waƙa.

A ware rabin yini don Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka buɗe ta ga jama'a a 1958. Akwai makamai da kayan su da kayan kiɗa, akwai kuma kaburburan sarakuna, don haka a shiga da natsuwa.

Yawuri tana kusan kilomita 200 kudu da Birnin Kebbi ta Jega da Koko, a bakin Kwara. Can za a sadu da Gungawa, waɗanda ruwan madatsar Kainji ya tashi da yawansu daga tsibiransu a 1968, da bikin Rigata na tseren jirage. A nan muke ja kunne da babbar murya. A Mayu 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutum fiye da 100 suka halaka. Sanadin irin wannan sananne ne: lodi fiye da kima, tsohon katako, kututturan itatuwa da tafkin ya rufe, da tafiyar dare. Kada a shiga jirgin da ruwa ya kusa kai bakinsa, kada a shiga ba rigar ruwa, kada a yarda a taso bayan magariba ko hadari na haɗuwa. Wanka a gefen ruwa mai kwanciya kuma yana jawo tsargiya.

Roƙonmu ga Gwamnatin Kebbi da masarautun Argungu da Yawuri guda biyu ne. A cikin shirin biki a keɓe yamma ɗaya ga makaɗan fada da na masunta, a zaure, ba tare da jawabai ba, a buga lokacin a takardar shiri yadda baƙo zai sani. Sannan a buɗe ɗakin sauraro a Gidan Tarihi na Kanta. Faya-fayen da gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato suka ɗauka, da kaset-kaset da ke cikin akwatunan iyalan makaɗa, zafi da ƙura suna cin su kowace shekara. A kwafe su zuwa kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da ubangidansa da 'yan amshinsa, a kuma zauna da dattawan da suka san wanda aka yi wa kowane zambo a rubuta daga bakinsu tun suna raye.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu kishin kiɗan gargajiya,
Birnin Kebbi.