Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi, Alhaji Haruna Iddrisu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a bakin wata firamare nan Aboabo, Kumasi, ɗana ne ma ya taya ni danna wayar.

Akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara 8 ba, iyayenta sun gudo daga Burkina saboda 'yan bindiga, suka biyo ta Bawku har Allah ya kawo su zango wajen dangi. Wata da watanni tana aji ba ta ce uffan ba, har yara suka laƙaba mata kurma. Wallahi ba kurma ba ce, Fillanci take ji da ɗan Mosanci, ticha kuma Tonanci (yaren Asante) da Turanci yake yi, to da wanne za ta amsa? Gab da hutun Kirsimeti samari suka fasa nokaut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a bayan katanga, sai ganinta na yi ƙarƙashin teburina ta toshe kunnuwa tana makyarkyata, fitsari ya jiƙa yunifom, yara na ta ƙyalƙyala dariya. Zanina na ɗaura mata.

A 2025 na ji a rediyo ka ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa. Madalla, amma uwar wa? Mu kanmu 'yan zango Hausarmu ba ta cikin na makaranta balle Fillanci. Alhali masu jin harsunan nan sun cika Aboabo da Asawase, ga yaranmu masu bautar ƙasa, a ɗauki ko ɗaya ya riƙa zama kusa da irin wannan yarinya a zangon karatun farko, ticha ma a nuna masa bambancin taurin kai da firgita kafin ya ɗaga bulala.

Sai batun lafiya. Inshorar gwamnati ta ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 18 kuɗin shekara, amma uwar da ta gudo da kayan jikinta ko ƙofar ofis tsoronta take. Ku haɗa kai da hukumar 'yan gudun hijira da ma'aikatar lafiya a kawo rajistar cikin makaranta, nas ta duba rigakafi da ido da kunne a nan take. Waɗanda ke sansanonin 'yan gudun hijira na Tarikom da Zini akwai masu leƙa su, na cikin gari sun saje da mu.

Jiya ta miƙo min sidi biyu ta ce "Mama, koko", muryarta ma ashe siririya ce.

Taku, wata uwa daga Aboabo.