A Gwada Manhaja a Kan Irin Wayar da Jama'a Ke Riƙewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da matasan Zariya da kewaye waɗanda suka rungumi sana'ar ƙirƙirar manhajojin waya da shafukan intanet, tare da malamansu da iyayen da ke ɗaukar nauyin saya musu kayan aiki. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, zancen wannan sana'a ya ƙara yawa a Samaru da Kongo da Tudun Wada. Tambayar da kusan kowane mai koyo ke fara yi ita ce wace kwamfuta zai saya. Ba kasafai ake jin wanda ya tambayi a kan wace waya zai gwada abin da ya ƙirƙira ba, alhali a ganina wannan tambayar ce ta fi cancantar a kashe mata kuɗi da tunani.

Duk wanda ya zaga shagunan waya na PZ ko kasuwar Sabon Gari ya san abin da jama'a ke saya. Tecno da Itel da Infinix su ne suka cika kantuna, kuma dukkansu na kamfani ɗaya ne, wato Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Da yawa daga cikin masu arahar ram ɗinsu, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe ayyukan da ke buɗe a cikinta, bai wuce gigabait biyu ko uku ba, ma'ajiyarsu kuwa gigabait 32 ce da ta riga ta cika da hotunan biki da wa'azozin da aka turo ta WhatsApp. Wasu ma suna aiki ne da Android Go, wani sauƙaƙƙen nau'in Android da Google ya fitar a 2017 musamman domin wayoyi marasa ƙarfi. Shi kuwa mai ƙirƙirar manhajar, da zarar ya samu ɗan abin hannu, babbar waya yake saya, kuma a kanta yake gwada aikinsa, ya ga komai na tafiya sumul ya ce ya gama. Wannan ba shi da bambanci da telan da ya auna jikinsa sannan ya ɗinka wa dukan 'yan unguwa riga da wannan awon.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo da ke ƙoƙarin cike wa 'yarsa fom a shafin wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. Ya rubuta suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da sauran bayanai da yatsa ɗaya, yana yi yana kare fuskar wayar da hularsa saboda hasken rana. Da ya zo inda ake buƙatar hoto, sai ya danna, kyamara ta buɗe, ya ɗauki yarinyar, amma da ya dawo sai ya tarar da fom ɗin fayau, babu ko harafi ɗaya. Ya ɗauka laifin hannunsa ne, ya sake daga farko, aka maimaita abu ɗaya. Abin da ya faru shi ne, ram ɗin wayar bai isa ya riƙe burauza da kyamara a lokaci guda ba, don haka Android ya rufe burauzar a bayan fage domin kyamarar ta samu wuri. Wanda ya gina shafin ba zai taɓa cin karo da wannan matsala a wayarsa mai gigabait takwas ba, kuma da ya gani sau ɗaya, da ya sa shafin yana adana abin da aka rubuta tun kafin a je ɗaukar hoto.

Saboda haka shawarata ga mai koyo ita ce, kafin ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin kwamfuta, ya ware abin da zai sayi ƙaramar waya mai araha, ko da ta hannu ce daga wurin masu gyara, ya mai da ita wayar gwajinsa ta farko. Kada ya goge ta ta zama fes; ya cika ma'ajiyarta, ya sa mata WhatsApp da Facebook da layi biyu kamar yadda take a aljihun mai shayi ko ɗan acaɓa. Haɗa ta da kwamfuta ba wuya: a cikin saitin wayar akwai layin da aka rubuta wa Build number, idan aka danna shi sau bakwai sashen masu ƙirƙira zai buɗe, daga nan a kunna izinin bincike ta kebul, wato USB debugging. Da wannan, burauzar Chrome da ke kwamfuta za ta nuna masa duk abin da ke faruwa a shafin da ke buɗe a wayar. A wannan sashen kuma akwai zaɓin da ke sa wayar ta riƙa rufe kowane shafin manhaja da zarar an bar shi, wanda hanya ce mai sauƙi ta gano irin matsalar da ta sami dattijon nan.

Ban raina wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio, manhajar kwamfuta da ake gina manhajojin Android da ita, ba, domin tana da amfani wajen duba faɗin fuska daban-daban da tsofaffin nau'o'in Android. Sai dai ƙarfin kwamfuta take ara, don haka ba ta nuna nauyin da manhaja ke yi wa ƙaramin injin Unisoc ko MediaTek, ba ta yin zafi, batirinta ba ya ƙarewa, kuma ba ta da dabarun tsimin batir da kamfanonin waya ke ƙarawa, waɗanda kan kashe manhaja a ɓoye su hana saƙon sanarwa isowa. Ga shi kuma tana cin ram sosai. Android Studio kansa yana buƙatar aƙalla gigabait takwas, goma sha shida kuwa ya fi kwanciyar hankali. Wanda kwamfutarsa ba ta kai haka ba, ya rubuta aikinsa a VS Code, manhajar rubuta umarnin kwamfuta mara nauyi, ya gwada kai tsaye a wayar gaske. A garin da wutar lantarki ke zuwa yadda ta ga dama, tsohuwar kwamfuta mai lafiyayyen batir da aka ƙara mata ram da ma'ajiyar SSD ta fi sabuwa mai ƙyalli da ke mutuwa bayan awa ɗaya.

Sai batun sabis, wanda shi ne aka fi yin sakaci da shi. Chrome na da wurin da ake rage gudun intanet domin kwaikwayon 3G, kuma yana da kyau a yi amfani da shi, amma matsalarmu ba rashin gudu kaɗai ba ce. Sabis ɗinmu yankewa yake yi ana tsakiyar tura kuɗi, ya dawo bayan minti biyu, ko waya ta nuna 4G alhali babu abin da ke motsi. Irin wannan sai an fita da wayar: a gwada ta cikin mota a hanyar Shika zuwa Giwa, a gwada ta a ƙuryar ɗakin ƙasa a cikin Birni, a gwada ta a zauren lacca lokacin da ɗaruruwan ɗalibai suka taru a kan turken sabis ɗaya, kuma a canza layi tsakanin MTN da Airtel da Glo. A lura da abin da manhajar ke yi idan mutum ya danna maɓallin biya sau biyu saboda bai ga amsa ba. A kuma auna yawan datar da take ci, domin tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara taka-tsantsan da kowane megabait.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka keɓanta da mu. Har yanzu akwai masu shiga intanet da Opera Mini, wadda ke bi da shafi ta na'urorin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso waya, kuma a yanayin tsimin data mai tsanani ba duk umarnin JavaScript, yaren da ke sa shafin intanet motsi, take aiwatarwa ba, don haka shafin da ya dogara kacokan a kansa na iya fitowa babu komai. Mutanenmu kuma sun saba karɓar manhaja daga wayar aboki ta Xender, alhali tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajojin Play Store tsarin da ke rarraba fayil gwargwadon irin wayar da ta sauke shi, wanda ke sa abin da aka kwafo daga wata waya ya iya ƙin shiga wata. Wanda kuma ya rubuta manhajarsa da Hausa, ya tabbatar da idonsa cewa ƙ da ɗ da ɓ da alamar naira suna fitowa daidai a salon rubutun da ya zaɓa, domin wasu salon ba su ɗauke da su.

Game da iPhone, ina ganin bai kamata mai koyo ya ci bashi saboda ita ba. Xcode, wanda ake gina manhajar iPhone da shi, ba ya aiki sai a kwamfutar Mac, kuma Apple na karɓar dala 99 duk shekara kuɗin rajistar mai ƙirƙira, yayin da Google ke karɓar dala 25 sau ɗaya tak. Mai gina shafin intanet zai iya aron iPhone ya duba aikinsa a Safari, ko ya yi amfani da BrowserStack, mai manhajar Android kuma yana da Firebase Test Lab, inda ake gwaji a kan wayoyi na gaske daga nesa. A tuna dai cewa galibin wayoyin da ke can Samsung ne da Pixel da iPhone, kuma suna zaune ne a cibiyoyi masu ingantaccen intanet, saboda haka ƙari ne a kan wayar gwaji ta gida. Hatta ƙa'idar Google da ta ce sabon asusun mutum ɗaya a Play Store sai ya samu masu gwaji 12 na tsawon kwana 14 kafin ya saki manhaja, dama ce da ake ɓarnatarwa idan aka tara abokan aji masu waya iri ɗaya. A sa mai kanti a ciki, a sa malamar Islamiyya, a sa baba ko inna da ke ƙara girman rubutun wayarsu saboda ido.

Daga ƙarshe ina miƙa roƙo ga sassan koyar da ilimin kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da cibiyoyin horaswa masu zaman kansu da ke garin nan. Ɗalibi ɗaya ba zai iya mallakar waya biyar ba, amma sashe guda zai iya tanadar kabad mai ɗauke da wayoyi goma ko sama da haka, tsofaffi da sababbi, har da ƙaramar waya mai madannai domin gwada lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa a duba kuɗi ko a tura, a riƙa ba da aronsu da rajista kamar littattafan laburare. Kuɗin da za a kashe bai kai na kwamfuta biyu masu tsada ba, kuma malamai da tsofaffin ɗalibai za su iya ba da gudummawar wayoyin da suka daina amfani da su, muddin an goge bayanan masu su kafin a karɓa. Idan ɗalibi ya zo kare aikinsa na kammala karatu, malaman da ke jarraba shi su miƙa masa mafi rauni daga cikin wayoyin kabad ɗin, su ce ya nuna musu aikin a kanta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku mai karatu,
Daga Samaru, Zariya.