Wasiƙa zuwa ga Uwani a Magadi

Uwani,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya, ƙafar Mamanki ma da sauƙi.

Ƙanenki ya nuna mini hoton da kika sa a Facebook: kina durƙushe a bakin tafkin Magadi na Kenya kina ɗibar ruwa a kwalba, hannu ba safa, tabarau a saman goshi sai ka ce ado. Tun ranar barcina rabi da rabi ne.

Na san amsarki, wai na'ura ta nuna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, goma da 'yan kai, ba wani abin tashin hankali ba. To ni na fara koya miki wannan karatu kafin malaman jami'a. Lambobin nan na asid ɗin kabonik da kika haddace a gabana, 6.35 da 10.33, masu nuna pH ɗin da yake rikiɗa zuwa baikabonet sannan kabonet, na ruwan da ba gishiri ne. In gishiri ya yi yawa sauka suke yi. Ko a ruwan teku na biyun bai wuce wajen 9 ba, wato kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa, ya fi abin da littafi ya ce yawa. Ina ga tafkin da kanwa ke daskarewa a kansa, ana haƙarta sama da shekara ɗari? Na'urar kuma da ruwa mai sauƙin gishiri kika saita ta, yawan sodiyam kan ruɗa ta. Lissafin da masana Debye da Hückel suka yi don ruwa mai gishiri ma bai kai nan ba, shi ya sa masani Pitzer ya fito da nasa a 1973.

Ni dai ido nake ji wa tsoro. Asid ya kan ƙona sama ya tsaya, kanwa kuwa narkar da nama take tana kutsawa ciki, ko an goge tana nan tana ci. Kin ga Baffanki bayan dawowarsa daga Manga, inda ake haƙar kanwa. Ke kike ja masa sanda zuwa masallaci, Uwani. Ke! Da dangi suka taso mini a kan barin 'ya mace ta tafi Kenya, ni kaɗai na tsaya miki, har yau Goggonki ba ta amsa sallamata da kyau. So kike su ce ai sun faɗa?

Ki sauke tabarau ɗin nan kan idonki. Jarkar ruwa mai kyau ta zauna kusa da ke. In ya fantsama, ki yi ta wankewa aƙalla minti 15 kafin ki nemi likita.

Ki rubuto mini labarin kifin nan da ke rayuwa cikin ruwan kanwar, ina son ji. Mamanki ta ce in yajin ya ƙare ki faɗa.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki