Maɗaurin Agogo: Kira ga Masu Saye da kuma Dukawanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da jama'a ba su cika ɗauka da muhimmanci ba, wato maɗaurin agogon hannu, na fata ne ko na roba ko sarƙar ƙarfe. Na shafe fiye da shekara ashirin ina gyaran agogo a Kano, kuma yawancin agogunan da ake ajiye mini a kan tebur injinsu lafiya lau yake, abin da ya riƙe su a hannu ne ya gaza. Kwanakin baya wani magidanci ya kawo mini Seiko ɗin mahaifinsa, marigayi, a ƙunshe cikin hankici, gilashin ya tarwatse, allurar minti ta lanƙwashe. Yana kan babur agogon ya suɓuce ya faɗi a kan kwalta. Da na duba, sai na tarar ɗan fil ɗin da ke haɗa sarƙar da jikin agogon ne tsatsa ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Wannan fil shi ne farkon abin da nake so mai karatu ya sani. Siririn bututu ne na ƙarfe mai sifirin a ciki, wanda ke tura kawunansa biyu su shige cikin ramukan da ke kunnuwan agogo, wato ƴan ƙafafun da maɗauri ke shiga tsakaninsu, kuma dukkan nauyin agogon da duk wata fizga da hannu zai yi a kansa suke ƙarewa. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan nan da milimita ake auna ta, galibi 18 ko 20 ko 22, kuma dole fil da maɗauri su dace da ita daidai. Sau da yawa nakan ga an sa fil na 18 a agogon 20 don shi ne ake da shi a lokacin, ya kama da ƙyar, mai shi ya tafi yana murna, bayan mako biyu ya dawo da agogo a fashe. Akwai maɗaurin da ke rage wannan haɗari: a shekarar 1973 Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta fitar da tsarin wani maɗauri na nailan, ruwan toka, mai faɗin milimita 20, wanda yanzu ake kira NATO. Ba gida biyu ba ne kamar sauran: zare ɗaya ne dogo da ke shiga ta bayan fil na sama, ya bi ta ƙarƙashin agogon, ya fito ta na ƙasa, ta yadda ko da fil ɗaya ya karye agogon zai tsaya yana reto a jikin ɗayan. A ganina duk mai aikin ƙarfi da mai hawa babur kullum wannan ne ya fi dacewa da shi, ga shi kuma ana wanke shi da sabulu ya bushe nan da nan.

Sarƙar ƙarfe ita ce aka fi sha'awa a wajenmu, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye, domin ƙyalli ɗaya ne a ido amma ƙira biyu ce. Akwai wadda kowace gaɓa tata daga curin ƙarfe aka yanko ta aka huda, akwai kuma wadda fallen ƙarfe ne siriri aka naɗe shi ya yi kama da gaɓa, cikinta fanko. Gane su ba wuya: a juya sarƙar a dubi gefenta, idan aka ga layin naɗi kamar na tabarmar da aka naɗe, to ta falle ce, kuma za a ji ba ta da nauyi, tana ƙara kamar kacau-kacau, tana kuma tsinke gashin hannu. Ba ina cewa ta falle ba ta da amfani ba ne, domin tsofaffin agogunan Rolex ma da irinta suka fito, kuma sun yi shekaru a hannun mutane. Laifin shi ne a sayar wa mutum ita da kuɗin ɗayar. Abin da zai nuna cewa ƙera sarƙa sana'a ce mai zaman kanta shi ne manyan kamfanonin Suwizalan da kansu sun daɗe ba su yin ta a gida. Wani kamfani na birnin Janiba mai suna Gay Frères shi ne ya yi ta ƙera wa Rolex sarƙoƙi, shi ne kuma ya ƙera ta agogon Royal Oak na Audemars Piguet da ya fito a 1972, har sai da Rolex ya saye kamfanin a 1998.

Masu agogo sukan zo mini suna cewa sarƙarsu ta miƙe. Ƙarfen ba ya miƙewa. Abin da ke faruwa shi ne ƙurar hunturu da gumi da maiƙon jiki suna taruwa a tsakanin gaɓoɓi su zama kamar yashin goge tukunya, duk motsin hannu suna cin fil-fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓin, suna faɗaɗa ramukansu, har sarƙar ta yi lakwas. Wanda ke sa agogo sako-sako yana gangarowa bayan hannu shi ya fi saurin kashe tasa. Maganin bai wuce tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu lokaci-lokaci ba, bayan an cire sarƙar daga agogon idan ba a tabbatar ruwa ba ya shigarsa ba. Wajen rage tsawo kuma, a lura da ƴan kibiyoyin da aka zana a cikin gaɓoɓin, domin su ke nuna inda za a tura fil ya fita. Wasu sarƙoƙin Seiko suna da wani ɗan mitsitsin zobe da ke riƙe fil ɗin a ciki, wanda idan ya faɗi ƙasa mai gyara bai lura ba, sarƙar za ta haɗu kamar lafiya, sannan ta ɓalle wata rana a hanya. Sai batun ƙaiƙayi: sarƙoƙi masu arha da aka yi da farin ƙarfe ko tagulla aka shafe su da ruwan zinariya ko na azurfa, da zarar gumi ya ci shafen sai sinadarin nikel ya riƙa taɓa fata, ƙuraje su feso. Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita nikel a kayan da ke manne da jiki tun 1994, mu kuwa ana shigo mana da kowane iri.

Na roba ba zan tsaya a kansa ba sosai. Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau yake hannun ɗalibai da direbobi, batirinsa kan yi shekaru, amma robarsa takan ƙame ta tsage tun kafin nan saboda rana da gumi, kuma canza ta abu ne mai sauƙi.

Maɗaurin fata shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na kirki hawa uku yake: fatar sama da ido ke gani, abin ƙarfafawa a tsakiya wanda ke hana shi miƙewa, da shafi a ciki wanda ke kwanciya a jikin mutum. Ana fefe kan fatar ya yi siriri a inda za ta naɗo fil, a manne da gam, a ɗinke da zare mai kaki, sannan a goge bakin ko a shafe shi domin kada ruwa ya sami hanyar shiga tsakani. Na sha yanka waɗanda ake sayarwa a kan teburan kasuwa don in ga cikinsu, abin da nake tararwa shi ne leda mai zanen fatar kada a sama, kwali a tsakiya, ɗinkin ma wani lokaci zane ne kawai aka buga. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana, yana maida agogo a hannu da danshi, ba zai yi wata uku da irin wannan ba sai ya kumbura ya ɗaye, ya fara wari.

Abin da ke damuna shi ne muna sayen wannan kwali alhali muna zaune a kan fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Majemanmu suna jima da bagaruwa tun kaka da kakanni, masana'antun Sharaɗa da Challawa suna fitar da fata zuwa ƙasashen waje, ga Cibiyar Nazarin Fasahar Fata a Samarun Zariya, ga dukawa a Kasuwar Kurmi masu hannun ɗinki da ba a raina shi. Maɗauri ɗaya bai wuce gida biyu ba, dogon kimanin milimita 120, gajeren kimanin 75 zuwa 80, wato ragowar da ake sharewa a ƙasan rumfar mai yin jaka ko takalmi ta isa a fitar da shi.

Na gwada da kaina. Na kai wa wani baduku maƙwabcina tsohon maɗauri na warware masa shi gida-gida, na ce ya yi mini irinsa da jar fatar akuya. Na farko ya yi kyau a ido, amma ya fi kunnen agogon faɗi da kusan milimita ɗaya, don da ido ya auna kamar yadda ya saba, kuma ba a yi wata guda ba ramukan suka buɗe domin fatar akuya tana da miƙewa idan ba a ƙarfafa ta ba. Jan rinin ma ya zuba a hannuna ranar da na yi gumi. A na uku sai muka sa siririn ƙyalle mai ƙarfi a tsakiya, muka yi shafin da fatar da ba a rina ba, ya yanka da ma'aunin ƙarfe maimakon ido. Shi ne a hannuna yanzu, ya shiga shekara ta biyu, ya yi duhu ya yi laushi, ɗinkinsa ko ɗaya bai saki ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin dukawa da cibiyoyin koyar da sana'a da su sa wannan aiki a cikin abin da suke koya wa matasa, tare da ma'aunin milimita, da fefe baki, da rinin da ba ya zuba, da zaɓen ƙugiya ta ƙarfe mara tsatsa. Mu masu gyaran agogo mu ne za mu fara saye, domin kullum ana tambayarmu maɗauri mai ƙarko muna rasa abin da za mu miƙa. Duk badukun da ke son ganin yadda cikin na kirki yake, ya je wurin mai gyaran agogon da ke kusa da shi ya roƙi tsoho guda ya warware. Da wuya a rasa irinsu a cikin akwatunanmu.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai gyaran agogo,
Kano.