Wasiƙa daga Ayowa: yadda ake biyan manoma tallafin korona

Gundumar Sioux, Jihar Ayowa
Nuwamba 2020

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya da Inna da yara, an kuma yi girbi lafiya. Kun tambaya ko gaskiya ne gwamnatin Amurka na raba wa manoma kuɗi saboda korona. Gaskiya ne, sai dai ba a jera mutane a layi a miƙa musu.

Shirin sunansa CFAP, yana hannun Ma'aikatar Gona. A watan Afrilu aka ware masa dala biliyan 16, aka fara karɓar takardu ranar 26 ga Mayu. Galibin gundumomi suna da ofishin kula da manoma, FSA, inda gona take da lambarta kamar mota. Manomi zai cike fom mai lamba AD-3114, ya faɗi abin da ya noma, abin da ya sayar da abin da ya rage a rumbu. Maganarsa ake ɗauka, amma sai ya adana rasit shekara 3, don a kan zo bincike, wanda kuma aka kama ya ƙara gishiri sai ya mayar. Da farko kashi 80 cikin 100 aka zuba wa kowa a banki, ragowar sai a Agusta. Mutum ɗaya ba ya wuce dala 250,000.

Nan ƙasar shanu da aladu ce, kuma a kan shanu aka fi ƙorafi. Wanda ya sayar da ƙosasshen sa tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, an ba shi dala 214 a kan kowane kai. Wanda nasa ke garke bayan wannan rana, dala 33 kawai. To, Baba, ai a ƙarshen Afrilu ne cutar ta fi kama ma'aikatan manyan mahautai aka rufe da yawa daga cikinsu, shanu suka rasa mai saye, suna ta cin masara a banza, suna wuce nauyin da ake so. Wanda ya fi shan asara shi ya fi samun kaɗan, tsakaninsa da maƙwabcinsa kuwa kwana ɗaya ne a rasit. A ganina a ofis aka ja layin nan, ba a bakin garke ba.

Masu kiwon kaji na kwangila kuwa ba su samu komai ba, tunda kajin na kamfani ne, nasu ɗaki da wahala. Masu madara an biya su dala 4.71 a kan kowane fam 100, wajen kilo 45 ke nan, na watanni ukun farkon shekara.

Yanzu zagaye na biyu ake, tun 21 ga Satumba, za a rufe 11 ga Disamba. An ɗan gyara: kowane kan sa dala 55, ban da shanun haihuwa, amfanin gona kuma aƙalla dala 15 a eka, ga wanda ya kai rahoton shukarsa ofis. Wanda bai kai ba, sai ya fara da wannan tukuna.

Ku gaida Inna da su Kawu. A sanya mu a addu'a, sanyi ya fara shigowa.

Ɗanku