Ga 'yan'uwana da ke Marsey: dutse na nan, amma a duba taswira kafin a ɗaura takalmi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata mazauna kudancin Faransa, musamman Marsey da kewayenta, don na san da yawansu na karanta jaridar nan a waya.

Shekarata uku ke nan ina karatu a Lumini, reshen jami'ar da ke can ƙarshen birni, inda bas ke juyawa ta koma. A shekarar farko daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki. Ta tagata ina hango farin dutse ya tokare sama, amma ko a mafarki ban yi tunanin taka shi ba. In na ga Turawa da gajeren wando suna haki sun nufi daji da sassafe, sai in ce a raina, su kuma wa ya koro su? Abin da ya fitar da ni daga ɗaki likita ne. Ya auna ni, ya sake aunawa, ya ce hawan jini na leƙo ni, ni da ko shekara 32 ban cika ba. Ya ce ko dai in motsa jiki ko in fara haɗiyar ƙwaya. Na zaɓi takalmi.

Ashe bayan katangar makarantarmu gandun dajin ƙasa ne sukutum, wanda aka kafa a 2012, ake ce masa Kalank. Kalank kuwa su ne lungunan da Bahar Rum ta kutsa cikin farin dutse, kowanne kamar an tsaga shi da gatari, daga Marsey har garin Kasis. Shiga kyauta ce, babu mai tambayar ka ko sisi. Sauran sunayen wuraren zan rubuta su yadda suke a allunan hanya, domin wanda ya je ya gane su.

Na fara ne da hanyar da ta tashi daga Lumini zuwa mashigar Sugiton. Hanya ce mai faɗi ta burji, irin wadda motar kashe gobara za ta iya bi, kuma hawanta a hankali yake, ba ya karya gwiwa. Hagu da dama itatuwa ne masu ganye kamar allura, waɗanda Faransawa ke danganta su da birnin Halab na Siriya. In rana ta ɗan ɗaga sai ƙaronsu ya narke, dajin ya gume da ƙamshi. Ranar farko minti bakwai na yi na tsaya na dafa gwiwa, wata tsohuwa da karenta suka wuce ni tana yi mini murmushi. Ban ji daɗi ba, amma washegari na dawo. Bayan wata biyar na kai ƙolin dutsen Puget, mai tsayin mita 563, rabi da gudu rabi da rarrafe. Daga can ka ga Marsey a kwance gefe guda, teku gefe guda. Sau biyu ina cin karo da aladen daji a hanyar nan da asuba. Tsayawa na yi cak har suka shige, kuma haka nake ba kowa shawara, musamman in uwa ce da 'ya'yanta.

Sai dai hanyar da ta sace mini zuciya tana ɓangaren Kasis. Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Charles ba ya cin rabin awa, amma tashar Kasis na nesa da gari kamar kilomita 3, don haka ni da gudu nake gangarawa, ya zama ɗumama jiki. Daga bakin gari ka nufi Port-Miou, dogon lungu da ƙananan jiragen ruwa suka yi sahu a ciki, gefensa tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa. Ka bi fentin ja da fari da aka shafa a jikin duwatsu, ka haura ka gangara Port-Pin, inda itatuwa suka sauko har bakin ruwa. Daga nan ne ake sanin namiji: hawa ne tiƙis zuwa tudu, sannan gangara mai tsini zuwa En-Vau.

A gangarar nan na koyi darasina na farko. Dutsen wurin, saboda yawan ƙafafun da suka taka shi shekara da shekaru, ya goge ya yi sulɓi kamar sabulun da aka manta a ruwa. Ni kuwa takalmin ƙwallon dabe ne a ƙafata, ƙasansa a shafe. Taku ɗaya na yi, sai ga ni zaune daɓas, tafin hannuna ya tsage, gorar ruwata ta gangara tana ƙara har na daina jin ta. Saura rabin hanya, rana ta take, kuma a duk faɗin wajen babu famfo, babu rijiya, babu mai sayar da ko ruwan leda. Dutsen nan ba ya riƙe ruwa, duk ruwan saman da ya zuba tsotse shi yake ya bi ta ƙarƙashi zuwa teku. Ga ruwa shuɗi shar a gabanka, ba ka iya kurɓa. Wasu dattawa biyu masu yawo da sanda ne suka raba nasu da ni, matar ta ciro auduga ta goge mini ciwon tana faɗa kamar ɗanta ne ya yi ɓarna. Tun ranar ba na fita da ƙasa da lita biyu in zafi ya shigo, kuma na sayi takalmi mai haƙora. A gangara mai tsini kuwa na daina jin kunyar tafiya. Waya ma ba ko'ina take samun sabis a cikin lungunan ba, shi ya sa nake gaya wa maƙwabcina inda na nufa kafin in fita. Lambar neman agaji 112 ce.

Darasi na biyu shi ne dalilin wannan wasiƙa. Wata Asabar a watan Yuli na tashi bayan sallar asuba, na isa bakin dajin, sai na tarar an gitta shinge, ga wani ma'aikaci tsaye. Ya ce yau ba shiga. Na ce gudu kawai zan yi in fito, awa ɗaya. Ya ce ko minti ɗaya. Malam Edita, ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta raya mini abin da takan raya wa baƙar fata a ƙasar wasu. Na tsaya gefe ina huci, ina jira in ga wanda zai bari ya wuce. Wani Bature da keke mai tsada ya zo, aka juya shi. Wasu 'yan mata uku da jakunkuna suka zo, aka juya su. Sai jikina ya yi sanyi. Ma'aikacin ya lura ban tafi ba, ya kira ni ya nuna mini taswira a wayarsa, yankinmu ya yi jajawur.

Ga yadda abin yake. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, hukumar lardin tana fitar da taswirar haɗarin gobara kowace yamma, ta washegari. In yankin ya fito ja, dajin a rufe yake ga kowa, kuma wanda aka kama a ciki tara ce. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa jin iskar da suke kira Mistiral. Daga arewa take sauka, busasshiya, tana iya kwana uku tana kaɗawa ba hutu. Ka haɗa ta da watannin da ba a ga ɗigon ruwa ba, da itatuwan da jikinsu duk ƙaro ne, da busasshen ganye da ya shimfiɗu a ƙasa kamar katifa, guntun sigari ɗaya ya isa. A Satumban 2016 wuta ta tashi daf da Lumini ta cinye ɗaruruwan hekta. Kuma lungunan nan ƙofa ɗaya gare su: in wuta ta tare hanyar sama, wanda ke ƙasa sai dai teku. Shi ya sa ko a ranar da dajin ke buɗe, shan taba da hura wuta haramun ne a cikinsa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda na ji wasu namu na fahariyar sun san ɓarauniyar hanya ta bayan makaranta, wai dokar ta 'yan yawon buɗe ido ce. Wani ma ya taɓa gayyata ta gashin nama a bakin ruwa a Port-Pin. Haba ɗan'uwa! Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, kuma hohon nan har takardar zamanka yana iya taɓawa. Akwai manhajar gandun, Mes Calanques, ga kuma shafin hukumar lardin. Duba su bai kai minti ɗaya ba. Haka nan tun 2022, a lokacin cunkoson zafi, sauka bakin ruwan Sugiton sai da rajista, mutum 400 a rana, kyauta. Da na ji haushin wannan ma, har na ga yadda ƙafafun jama'a suka zaizaye ƙasar gangaren, saiwoyin itatuwa duk a waje.

Ni dai a ganina watannin zafi ba su ne lokacin gudu a nan ba, ko da taswira ta ba da hanya. Daga Oktoba zuwa Mayu ne dajin ke zama namu: masu ɗaukar hoto sun watse, gyare ya yi shiru, ba ka jin komai sai takunka da ruwa na dukan dutse. A lokacin nakan tsallaka gabashin Kasis in hau Cap Canaille, wanda shi ja-ja ne ba fari ba, tsayinsa mita 394, kuma ya yanke ne tsaye har teku. Hanyar ƙafa na bin gaɓarsa zuwa wajen La Ciotat. Ranar iska ba na zuwa, don ko titin mota na saman akan rufe shi, balle mutum mai nauyin kilo 70. Da azumi kuwa gajeren zagaye nake yi a inuwar Lumini gab da magariba, dabino a aljihu.

Bana na yi rajistar tseren Marsey zuwa Kasis, wanda ake yi tun 1979 a ƙarshen Oktoba: kilomita 20 a kan kwalta, daga gefen filin wasa na Vélodrome, a haura mashigar Gineste mai mita 327, a gangara Kasis. Ba na sa ran komai sai in ƙarasa da ƙafata. Likitan da ya tsorata ni ya sake auna ni a watan jiya, ya ce in ci gaba da abin da nake yi, bai rubuta mini komai ba.

Mu huɗu ne yanzu muke haɗuwa ran Asabar bayan sallar asuba a tashar bas ta ƙarshe a Lumini, ɗayanmu ma dattijo ne mai aikin gini da ke tafiya a ƙasa mu tarar da shi a mashiga. Duk mai so ya zo da ruwansa. In taswirar daren Juma'a ta yi ja, kowa ya koma barcinsa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani ɗalibi mai karanta ku daga Marsey, Faransa